Masuntan kogin Bolga: tarwaɗa tana nan, esturjo ya kusa ƙarewa

Manomi ya san magana guda: kome tsananin yunwa, ba a cin iri. Wanda ya cinye irinsa da rani, ranar da ruwan shuka ya sauka sai ya tsaya yana kallon gonar maƙwabci. Masunci shi ma yana da iri. Irinsa shi ne ƙwan da ke cikin uwar kifi. Ga labarin wani kogi mai nisa, da manyan kifaye iri biyu da ake kamawa cikinsa daga jirgi. Ɗaya yana nan har yau. Ɗayan kuwa an ci irinsa, ya kusa ɓacewa daga duniya.

KOGIN DA KE DASKAREWA

Sunan kogin Bolga. Yana cikin ƙasar Rasha, can arewa da Makka da nisa ƙwarai. Tsawonsa kilometir 3,530. Duk Turai babu kogin da ya kai shi tsawo, ko da yake kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara, ya ɗara shi. Bolga ba ya zuba cikin babban teku. Yana zuba cikin wani ruwa da ƙasa ta kewaye ta ko'ina, kamar tafkin Cadi, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma ruwansa da ɗan gishiri. Ana ce mashi tekun Kaspiya. Kafin kogin ya kai teku sai ya rabu rassa ɗaruruwa, suna ratsa kacalla da dogayen ciyayi. Babban birnin wurin shi ne Astarakan, garin masunta tun zamanin da.

Shekarar mutanen can ba irin ta ƙasar Nijar ba ce. Daga watan Disamba sanyi yake tsananta, har saman kogi ya daskare ya zama ƙanƙara. Mutum yana iya taka kogi da ƙafa ya ƙetare. Jirage duka a jawo su tudu, a kife. Kifaye kuwa su taru cikin ramummuka masu zurfi a ƙasan kogi, su lafe, ba su cin abinci sai kaɗan.

Cikin watan Maris ƙanƙara ta soma narkewa. Cikin Afrilu da Mayu dusar ƙanƙarar da ta rufe ƙasar arewa ta zama ruwa, ta gangaro. Kogi ya cika, ya malala cikin fadamu. Wannan cikowa ba ta ruwan sama ba ce, ta narkewar ƙanƙara ce. Watannin sun zo daidai da bazarar ƙasar Hausa, amma a can ba zafi ake fama da shi ba. Lokaci ne na fitar ganye, da ɗumin ruwa, da tashin kifi. A nan ne masunta ke maida jiragensu ruwa. Kuma a nan ne kifi ke neman wurin zuba ƙwai. Buƙatar masunci da buƙatar kifi sun haɗu cikin wata guda. Duk labarin daga nan ya taso.

KIFI NA FARKO: SOM, ƊAN'UWAN TARWAƊA

Rashawa suna ce mashi som. Wanda ya san tarwaɗa, ko ramboshi, ko ragon ruwa, da ya gan shi zai gane dangi ne. Ba shi da ɓawo, jikinsa da santsi. Kansa da faɗi, bakinsa wargajeje, idanunsa ƴan ƙanana. Yana da gashin baki shida: biyu dogaye a sama, huɗu gajeru a ƙasa. Da su yake lalubar abinci cikin duhun ruwa. Bambancinsa da tarwaɗa girma ne. Tsohon som yana wuce metir 2, nauyinsa ya kai kilo 100, wato buhun hatsi cikakke. Amma irin waɗannan ba su da yawa. Waɗanda aka fi kamawa ba su wuce ƴan kilo kaɗan ba.

Som yana son wuri mai zurfi, inda itace ya faɗa ruwa, ko inda kogi ya yi kwana ya haƙa rami. Da rana yana kwance, da dare yake farauta. Yana cin ƙananan kifaye, da kwaɗi, da tana, wani lokaci har ɗan tsuntsun ruwa. Idan ya fito daga kwanciyar sanyi yana fitowa da yunwa, shi ya sa ƙugiya ke samunsa cikin Afrilu da farkon Mayu.

Idan ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 20, sai ya bar rami ya shiga fadamar da ruwa ya malale. Namiji ya gyara gurbi cikin saiwoyin itace da ciyawa. Mace ta zuba ƙwai dubbai, ta tafi abinta. Namiji ya tsaya gadi, yana kaɗa ma ƙwan ruwa da wutsiya, yana korar duk abin da ya matso, har su ƙyanƙyashe cikin ƴan kwanaki. Ɗan som yana girma da sauri. Shekara 3 zuwa 5 ya isa haihuwa. Daga nan kowace shekara yana haihuwa. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, don za a komo kansa.

YADDA AKE KIRAN SOM DAGA JIRGI

Masuntan da ke su don sayarwa suna kafa tarkon raga cikin rassan kogi, su dinga zagayawa da jirgi suna kwashewa. Amma akwai wata tsohuwar dabara da ta fi ban mamaki: ana kiran kifin ne, ya taso da kansa.

Abin kiran sunansa kwok. Itace ne sassaƙaƙƙe, tsawonsa kamar kamu guda. Yana da mariƙi, da tsakiya mai faɗi siririya kamar ruwan wuƙa, da ɗan kai a ƙarshe mai kama da kofaton akuya. Idan aka soka kan cikin ruwa aka fizge shi baya da sauri, iska ta shige, sai a ji ƙara "kwok", kamar an zare marufin gora. Daga ƙarar ne ya samu suna. Ƙarar tana tafiya nesa cikin ruwa, har ƙasan rami.

Ga yadda aikin yake:

1. Masunci ya kai jirginsa gaba da ramin, ta wajen da ruwa ke fitowa. Idan jirgin mai inji ne, ya kashe injin. Ya bar ruwa ya tafi da jirgin sannu sannu, yana gyara shi da filafili ba tare da hayaniya ba.

2. Ya saki igiya mai ƙarfi, da dalma, da babbar ƙugiya guda. Abincin ƙugiya shi ne kwaɗo, ko damin tana, ko fara. Ba a barin ƙugiya ta kwanta ƙasa. Ana rataye ta tsakiyar ruwa, sama da inda kifin yake kwance.

3. Hannu guda yana riƙe da igiya, ɗayan yana buga kwok. A buga sau uku ko biyar, a dakata. A sake bugawa, a dakata.

4. Som ya ji, ya taso daga rami yana neman inda ƙarar ke fitowa, sai ya ci karo da abinci. Da farko masunci yana jin igiya ta yi nauyi kaɗan, kamar ciyawa ta kama ta. Ba a gaggawa. Sai nauyin ya tabbata, sa'an nan a fizga.

Masunta sun sha bamban kan dalilin da ke taso da kifin. Wasu sun ce yana tsammani ɗan'uwansa ne ke cin abinci a sama, ya zo rabo. Wasu sun ce kukan kwaɗo yake ji. Abin da kowa ya yarda da shi, kwok ba ya aiki cikin ruwan sanyi. Sai ƙarshen bazara, idan ruwa ya yi ɗumi, har zuwa watan Agusta.

Aikin yana da haɗari. Babban som yana jan jirgi da mutum ciki, ya yi ta yawo da shi. Don haka tsofaffin masunta suna gargaɗin yara da abu biyu. Na ɗaya, kada a naɗa igiya a hannu ko a ƙafa, don kifi yana iya jefa mutum ruwa, kuma ruwan bazara na can da sanyi, yana kashe jiki nan da nan. Na biyu, kada a yi kokawa da kifi yana da sauran ƙarfi. A bar shi ya gaji, a jawo shi gefen jirgi, a sa safar hannu a kama leɓensa na ƙasa, don haƙoransa ƙanana ne masu kaushi kamar magagari.

Hukuma ta sa ma wannan su iyaka. Som da bai kai santimetir 60 ba, maida shi ruwa ake yi. Ba a su cikin ramummukan da kifi ke kwanciyar sanyi. Kuma kowace shekara, idan ruwa ya malala fadamu kifi na zuba ƙwai, ana rufe su na wasu makonni.

KIFI NA BIYU: ESTURJO

Wannan kifi ba shi da suna da Hausa, don babu shi cikin kogin Isa, babu shi tafkin Cadi. Faransawa suna ce mashi esturjo. Kamanninsa dabam ne. Hancinsa dogo ne mai tsini. Bakinsa yana ƙasa, ba haƙori, da gashin baki huɗu a gabansa. Maimakon ɓawo yana da layi biyar na ƙasusuwa masu tauri bisa fata, daga kai zuwa wutsiya, kamar sulke. Cikin jikinsa kuwa guringuntsi ne, babu ƙananan ƙayoyi. Namansa yana da mai, yana da daɗi. Can da, abincin fadar sarakunan Rasha ne.

Manyan irinsa uku ne a tekun Kaspiya. Ƙarami shi ne sebruga, mai dogon hanci. Matsakaici shi ne asiyotir. Babba shi ne beluga, wanda ke cikin manyan kifayen da ke shiga kogi a duniya duka. Cikin shekara ta 1827 an kama wata beluga a bakin Bolga, tsawonta ya wuce metir 7, nauyinta ya wuce kilo 1,500. Wannan ya fi nauyin raƙuma biyu.

Esturjo cikin teku yake zama, can yake kiwo. Amma ba ya haihuwa cikin teku. Idan ƙanƙara ta narke, sai manya su shigo kogi, su yi ta hawa gaba da ruwa. Suna neman wuri mai tsakuwa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Ƙwansu yana manne ma tsakuwa, ruwa mai gudu yana wanke shi. Idan ya faɗa cikin laka sai ya ruɓe. Can da, beluga tana hawa fiye da kilometir 2,000 kafin ta zuba ƙwai. Ƴaƴan su ƙyanƙyashe, su gangaro teku, su girma can.

Ga inda rauninsa yake. Esturjo yana da tsawon rai, beluga tana iya kai shekara 100, amma ba ya saurin balaga. Macen sebruga sai ta yi wajen shekara 10 kafin haihuwar fari. Macen asiyotir takan wuce haka. Macen beluga sai ta kusa shekara 20. Kuma ba kowace shekara suke haihuwa ba, sai bayan shekara uku, ko huɗu, ko fiye. Wanda ya kashe uwar beluga guda, ya kashe aikin shekara 20.

Abin baƙin ciki, ƙwan nan shi ne abin da duniya ta fi so a jikinsa. Ana tsaga cikin uwa, a kwashe ƙwan, a murza shi bisa rariya, a sa gishiri, a zuba cikin ƴan gwangwanaye. Sunansa kabiyar. Masu kuɗin Turai da Amurka suna cinsa da ɗan cokali. Kuɗin kilo guda na kabiyar ɗin beluga yana sayen bijimai da dama. Ke nan ba a jiran kifin ya haihu. Tare shi ake yi bisa hanya, da cikinsa.

DOKAR MASUNTAN DA

Mutanen da sun san wannan haɗari, kuma wasunsu sun yi mashi doka mai tsanani. Gabas da Bolga akwai wani kogi, Ural, shi ma cikin tekun Kaspiya yake zuba. A zamanin sarakunan Rasha, wasu mutane da ake kira Kosak ke riƙe da shi. Mahaya dawaki ne, suna yi ma sarki aikin soja, shi kuwa ya bar masu kogin. Kogin na jama'a ne gaba ɗaya, ba na mutum guda ba.

Ba wanda ke shiga ruwa ranar da ya ga dama. Su na esturjo yana da lokutansa cikin shekara, kowane da ƙa'idarsa. Na bazara don sebruga ake yinsa. Ana naɗa shugaban su, kamar yadda Sarkawa ke da sarkin ruwa. Masunta su jeru bakin gaɓa, kowa da ɗan jirginsa siriri wanda aka fafe daga gungumen itace guda. Ba mai taɓa ruwa sai an buga igwa. Da jin igwa sai kowa ya tura jirgi, ya shimfiɗa ragarsa ta gicciye kogi, ruwa ya tafi da jirgi da raga tare. Kifin da ke hawowa ya faɗa ciki. Shugaba ya riga ya yanke iyakar da za a tsaya ran nan. Wanda ya wuce iyaka, ko ya riga igwa, ya gamu da hukunci. Washegari a ci gaba daga inda aka tsaya.

Idan beluga ko asiyotir ya faɗa raga cikin wannan su na bazara, maida shi ruwa ake yi. Ana barinsa sai lokacin sanyi, sa'ad da kifi ke daskarewa a kai shi kasuwa mai nisa da tsada. Wuraren da kifi ke kwanciya kuwa, ana tsaronsu kamar rumbu: ba a hayaniya kusa, ba a harbi, ba a yawo da jirgi. Kosak sun ci kifi, sun sayar, sun yi arziki da shi shekaru aru aru, kifin bai ƙare ba. Wannan tsari ya watse bayan juyin mulkin Rasha na 1917.

ABUBUWA UKU DA SUKA KARYA ESTURJO

Na farko, an toshe mashi hanya. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet, wadda Rasha ke cikinta a lokacin, tana son wutar lantarki don masana'antu. Cikin 1958 aka datse Bolga kusa da birnin Bolgogirad, fiye da kilometir 500 daga teku. Aikin madatsar ya ƙare cikin 1961. Wuta ta samu, amma kifin da ya hawo sai ya tarar da bango. Cikin kashi 10 na wuraren zuba ƙwai, fiye da kashi 8 sun koma bayan bango. Beluga, mai tafiya mafi nisa, ta rasa kusan dukan nata. An gina wata na'ura mai ɗaga kifi ta ƙetare da shi, amma ba ta biya buƙata ba, daga baya aka daina aiki da ita.

Gwamnati ta nemi gyara. Ta hana kamun esturjo cikin teku tun farkon shekarun 1960, don a bar ƙanana su girma. Ta gina gidajen ƙyanƙyasa, inda ake tatsar ƙwai, a reni ƴaƴa cikin tafkuna, a saki miliyoyi cikin kogi kowace shekara.

Na biyu, an ci gaba da kamu da yawa cikin kogi. Kifayen da aka haifa tun kafin madatsa suna nan cikin teku, suna ta shigowa shekara da shekaru. Raga tana cika, mutane suka ɗauka kome lafiya. Wajen ƙarshen shekarun 1970 ana kama fiye da tan 25,000 a shekara. Cikin kashi 10 na esturjon da ake kamawa a duniya, wajen kashi 9 daga Kaspiya suke. Ashe tsohon rumbu ake ɗiba, sabon hatsi ba ya shiga kamar da. Da yake kifin yana daɗewa kafin ya balaga, ɓarnar ba ta fito fili ba sai bayan shekara 20 ko 30.

Na uku, doka ta faɗi. Cikin Disamba 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Da, ƙasa biyu ke da bakin tekun: Sobiyet da Iran. Sai suka zama biyar: Rasha, Kazakistan, Turkumenistan, Azarbaijan da Iran. Masana'antu suka rufe, albashi ya tsaya, talauci ya shiga garuruwan bakin ruwa. Masu tsaron kogi ba su da man jirgi. Ga kuma ƴan kasuwa da kuɗi a hannu suna neman kabiyar. Mutane suka faɗa ruwa dare da rana, cikin kogi da cikin teku. Suna shimfiɗa dogayen igiyoyi masu ƙugiyoyi ɗaruruwa marasa abinci, irin mamarin da masuntan ƙasar Hausa suka sani. Kifin da ke bin ƙasa ya gogi ƙugiya, ta soke shi. Wanda ya kuɓuce ma da rauni yake tafiya. Sau da yawa ƙwan kaɗai ake kwashewa, a jefar da naman. Kamun sata ya ninka na halal sau da yawa. Kafin shekara ta 2000, kamun da hukuma ke lissafawa bai kai tan 2,000 ba.

Kogin Ural ya zama shaida. Shi ba a datse hanyarsa ta ƙasa ba, tsakuwarsa tana nan, amma esturjonsa ma ya ragu ƙwarai. Ke nan ba madatsa kaɗai ke da laifi ba. Hannun mutum ya isa.

INDA AKA KWANA

Cikin 1998 duk irin esturjo ya shiga yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobin da ke shirin ƙarewa. Tun daga nan kabiyar ba ya ƙetare iyaka bisa doka sai da takarda. Rasha ta hana kamun beluga don sayarwa cikin 2000, ta hana na asiyotir da sebruga cikin 2005. Cikin 2014 ƙasashen nan biyar suka ƙulla yarjejeniya a Astarakan don kiyaye kifin tekun, suka yi ta sabunta hanin shekara bayan shekara. Masuncin da ya fita neman som, esturjo ya faɗa ƙugiyarsa, wajibi ne ya sake shi da rai. Wanda aka kama da shi cikin jirgi, tara ce ko kaso.

Duk da haka kifin bai komo ba. Cikin 2022 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, UICN, ta bayyana cewa iri 26 na esturjo da suka saura a duniya, dukansu suna cikin haɗarin ƙarewa. Yawancin kabiyar da ake sayarwa yanzu daga kifin kiwo yake fitowa, wanda ake reno cikin tafkuna da keji, kuma ƙasar Sin ce kan gaba wajen wannan sana'a. Masana sun gano yadda ake tatsar ƙwai ba tare da an kashe uwa ba. Amma jikokin masuntan da suka cika jirage da beluga, da yawansu ba su taɓa ganinta da rai cikin kogi ba.

Som kuwa yana nan. Ana kama tan dubbai kowace shekara a yankin Astarakan. Ana cinsa ɗanye, ana banda shi da hayaƙi, ana kai shi birane. Idan ruwa ya yi ɗumi, har yanzu ana jin ƙarar kwok bisa kogi da asuba.

MI YA RABA SU?

Ruwa guda, jirgi guda, masunta guda. Abin da ya raba kifayen nan biyu shi ne haihuwa. Som yana balaga cikin shekara 3 zuwa 5, yana haihuwa kowace shekara, fadamar da ke kusa ta ishe shi, kuma namansa ake so, ba ƙwansa ba. Esturjo sai ya shekara 10 ko 20, sai ya yi doguwar tafiya, kuma ƙwan nasa ake farauta. Kifin da aka bari ya haihu, yana maida abin da aka ɗiba. Wanda aka tare kafin ya haihu, kome yawansa, ranar ƙarewarsa tana tafe. Som ma bai fi ƙarfin ƙarewa ba. Dokar santimetir 60 da rufe su lokacin ƙwai suna cikin abin da ke riƙe da shi.

Babu esturjo a Nijar, amma akwai dangin som, kuma halinsu guda. Tarwaɗa ma da farkon damina take barin zurfi, ta bi sabon ruwa cikin ciyawa ta zuba ƙwai. Masuntan Gaya da Tillaberi, da na Komadugu, da na tafkin Madarunfa da Tabalak, sun san wannan lokaci sarai, don a nan ne kifi ya fi sauƙin kamu. Nan ne kuma kamun ya fi ɓarna. Abin da ya faru a Bolga yana tuna ma kowa waɗannan abubuwa:

1. Uwar kifi mai ƙwai iri ce. A bar ta ta zuba.

2. Raga mai ƙananan idanu, balle gidan sauro, tana kwashe kifin baɗi da na baɗin waccan.

3. Guba da nakiya ba su zaɓe, suna kashe babba da ƙarami. Doka ta hana su, kuma ma'aikatan ruwa da daji suna kama mai yi.

4. Idan gari ya yanke ranar rufe tafki da ranar buɗewa, kowa ya bi, har ɗan sarki. Dokar da mutum guda ya karya bai gamu da kome ba, gobe mutum goma za su karya ta.

5. Cikar taru ta bana ba shaida ba ce cewa kifi yana nan. A duba girman kifin. Idan kowace shekara yana ƙara ƙanƙanta, an soma cin iri.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA A MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

Wane kifi ne tsofaffin gari ke kamawa can da, wanda yanzu ba a ganinsa? Cikin wane wata ne kifin tafkin gari ke zuba ƙwai? Wa ke da ikon rufe tafki, kuma ana jin maganarsa? Idan an rufe su wata biyu, da wace sana'a masunci zai ciyar da gidansa kafin a buɗe?